Gaskiyar Abin da Ya Sami Ƙafar Abdulwahid

Daga gidanmu na Ƙuba, Madina.

Zuwa ga ɗana Anas,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah ya kai ka lafiya, ya sauke ka lafiya, ya tsare gabanka da bayanka, ya tsare ka daga abin da ke samanka. Ummanka na gaishe ka. Ita ce ta sa wannan takarda a aljihun jakarka, kusa da kwalin dabinon da za ka kai wa Ammu Abdulwahid. Da Hausa na rubuta, ko da yake na san da Larabci za ka ba ni amsa kamar yadda ka saba. Na yi haka ne domin ba ka iya karanta Hausa da gudu, dole ka bi ta a hankali. Ni kuma abin kunya ba na iya faɗinsa da harshen da nake tsayawa a gaban aji ina koyarwa da shi.

Shekaranjiya na ji ka a kicin kana kwantar wa Ummanka da hankali. Ka ce mata, "La takhafi ya Ummi," wai kada ta ji tsoro, sanyi ya wuce a can, yanzu lokacin rabi'i ne, wato bazararsu, rana tana fitowa kullum, dusar ƙanƙara ta fara narkewa. Duk wanda ya tashi a ƙasar zafi haka zai ɗauka: sanyi ne abin tsoro a kan dutse, in rana ta fito an tsira. Ni ma haka na ɗauka. Saboda wannan zato nawa ne mutumin da za ka sauka a gidansa yake ɗingishi har yau.

Ka san Ammu Abdulwahid tun kana ɗan shekara takwas. Ɗalibina ne a ajin koyon Larabci, mutumin duwatsun arewacin Pakistan, kuma a makarantarsa za ka je ka koyar. Ka san sandarsa, ka san yadda yake jan ƙafar hagu in ya zo Umra ya kawo maku busasshen mishmish, ɗan itacen garinsu. Ka kuma san labarin da nake bayarwa: wai muna tafiya a kan dutse ƙanƙara ta zaftaro ba zato ba tsammani, ta binne shi, ni kuma na tono shi da hannuna ina karanta addu'a. Ka ji wannan labari ya fi a ƙirga. Ba haka aka yi ba, Anas. Ga yadda aka yi.

Shekarar da ya gama karatu ya gayyace ni garinsu, na je a irin wannan lokaci da za ka je. Ƙauyensu yana cikin kwari, itatuwa sun fara fure, amma duwatsun da ke sama fari fat. Ni ɗan Kano ne da ya zo karatu ya zauna, amma a can ba wanda ya kira ni da wani suna sai "mutumin Madina". Dattawa suna riƙe hannuna da hannu biyu. Wani tsoho da na miƙa masa dabino bai ci ba, shinshina shi ya yi, ya fashe da kuka. Abin ya yi mini daɗi fiye da yadda ya kamata.

Sai mutanen wani ƙauye da ke can sama suka aiko, suna so baƙon Madina ya yi masu huɗubar Juma'a. Mota ba ta zuwa. Hanyar ƙafa ce a jikin dutse, tafiyar kamar awa huɗu, tana ratsa kwazazzabai uku waɗanda ƙanƙara ta cika. Wanda zai kai mu shi ne Rahmat, yayan Abdulwahid, makiyayi ne, bai taɓa shiga aji ba, Larabcinsa kuwa iyakarsa salla. Ranar Alhamis bayan la'asar ya dubi sama, ya dubi dutsen, ya ce da an sallame asuba za mu kama hanya, lalle mu wuce kwazazzabo na uku kafin rana ta taɓa fuskar dutsen. Sannan ya dubi takalmana ya faɗi wata magana, kowa ya kwashe da dariya. Abdulwahid ya ƙi fassarawa sai da na matsa masa.

"Ustaz, cewa ya yi waɗannan na zuwa ɗaurin aure ne."

Na yi dariya. Rahmat ya kawo mini nasa takalman masu nauyi, shi ya sa tsofaffi.

Da asuba masallaci ya cika, kuma bayan sallama ba wanda ya tashi, suna jira in yi masu karatu. Ni kuwa sanyi nake ji har cikin ƙashi. Rahmat ya tsaya a bakin ƙofa da sandarsa, ya kira ƙanensa, ya nuna masa indararon masallaci. Ruwa yana ɗiga, ɗis, ɗis. Abdulwahid ya dawo ya durƙusa kusa da ni.

"Ustaz, Yaya ya ce hadari ya kwana a sama, sanyi bai kai ba, ƙanƙarar ba ta daskare ba. Ya ce ko mu tafi yanzu yanzu, ko mu fasa."

Na ce, "Sanyin nan ne bai kai ba? Juma'a sai bayan zawali. Bari rana ta fito jiki ya saki."

Ya je ya dawo. "Ya ce ranar ce yake gudu."

A nan na faɗi maganar da ta fi kowace ci mini rai. Na ɗaga murya yadda dattawa za su ji, na ce, "Gaya masa ya dogara ga Allah. Masallaci za mu, ba kasuwa ba." Abdulwahid ya sunkuyar da kai ya fassara. Dattawa suka gyaɗa kai. Rahmat ya jingine sandarsa ya zauna a sahun ƙarshe. Na yi karatu har hantsi, muka sha shayi, muka ci gurasa, sannan muka tashi.

Ya ɗana, ka san ni da son koyarwa, to bari in koya maka abin da na ƙi saurara a ranar, wanda daga baya na bi littattafai na tarar makiyayin nan bai yi kuskure ko ɗaya ba. A ƙarshen sanyi, idan sama ta kwana garau, ƙanƙarar da ta jiƙe jiya tana daskarewa ta yi tauri kamar daɓe, ka taka ta ɗauke ka. Da rana ta doke ta sai samanta ya narke, ruwan ya riƙa tsiyaya ciki, yana kwance abin da ya haɗa ta, har ya isa ƙasa. Ka tuna katangar gidan kakarka a Kano da ta faɗi da damina? Ba iska ce ta ture ta ba, ruwa ne ya ci gindinta, ta kuma yi nauyi. Haka ƙanƙara take yi a jikin dutse. Gefen da ke kallon gabas shi ke fara laushi, sannan na kudu, na yamma ya biyo baya. In kuwa ba ta daskare ba tun farko, saboda hadari ko ɗumi ko ruwan sama, to ko da sassafe ba ta da amana. Har gwadawa na yi a nan gida: na kankaro ƙanƙarar da ke taruwa a cikin tallaja, wato firij, na danna ta a kan faranti, na jingine shi a soro. Ummanka ta ce, "Malam, ka kashe mini tallaja don ka yi wasan yara?" Tana rufe baki abin ya sulale gaba ɗaya ya faɗi a ƙafarta. Ita ta yi dariya, ni ban iya ba.

Saboda haka in aka ce maka asuba, to asuba ce. Ka yi haƙuri da sanyin, shi ne yake riƙe maka dutsen. Kuma ina haɗa ka da Allah, kada ka taɓa ɗaukar sunan tawakkali ka rufe bakin wanda ya fi ka sanin abu. Ni na san hukuncin yin sababi, na koyar da shi sau da yawa. Ba jahilci ne ya sa na faɗi maganar ba. Sanyi nake ji, kuma ina jin daɗin yadda ake saurarona.

Muna hanya dutsen bai ɓoye mana komai ba. Kafin kwazazzabo na farko ƙafata ta fara nutsewa har ƙwauri, takalman Rahmat suka cika da ruwa. Daga sama ƙananan dunƙule suna gangarowa, suna naɗe ƙanƙara suna girma kamar tayar keke. Na ce, "Subhanallah, dubi ikon Allah!" Na ciro kyamara na ɗauki hoto. Hoton nan ne wanda ke cikin falo, wanda kake nuna wa abokanka. Rahmat ya dunƙula ƙanƙara a hannunsa ya matse a gaban idona, ruwa ya zubo tsakanin yatsunsa. Ya ce mu koma. Na ce mutane suna jira, me za su ce in mutumin Madina ya saɓa alkawari? Ya dubi ƙanensa, ƙanen ya dubi ƙasa. Muka ci gaba.

Ka riƙe waɗannan alamu kamar yadda ka riƙe Fatiha. Ƙafa ta nutse ta wuce idon sawu, dunƙule suna gangarowa da kansu, ruwa yana fita in ka matse, ko ka ga inda wata zaftarewar ta sauko jiya ko yau. Ko ɗaya ka gani, ka juya. Masu jira za su yi salla ba da kai ba, sallarsu kuma ta yi.

A bakin kwazazzabo na biyu Rahmat ya ba da umarni: ɗaya bayan ɗaya, ba tsayawa, ba waiwaye, sai wanda ke ciki ya kai wancan dutsen sannan na baya ya shiga. Ya fara wucewa. Na biyo. Ina tsakiya na nutse har gwiwa, na ɗaga kai na ga farin abu ya rataya a kaina har inda ido ya kai. Tsoro ya kama ni. Maimakon in ja ƙafa in ci gaba, sai na tsaya na ƙwala kira, "Ya Abdulwahid!"

An ce masa ya jira. Amma malaminsa ne ya kira shi. Ya shigo da gudu, ya cire ni, ya tura ni gaba da ƙarfi, Rahmat ya cafko wuyan rigata ya fizgo ni bayan dutse. Sai na ji ƙara kamar tifa tana juye tsakuwa. Abin bai yi kama da farar ƙura mai tashi ba. Ya zo ne kamar kunu mai kauri, da duwatsu da karyayyun rassa a ciki. Ya ɗauke Abdulwahid daga inda nake tsaye ɗazu.

Rahmat bai yi ihu ba. Ya miƙa sandarsa yana bin ƙanensa da ita har inda ya ɓace, kuma da abin ya tsaya ya gangara kai tsaye ƙasa da wurin. Ni ina zaune. Bakina yana motsi da addu'a, gaskiya ne, amma ban tashi daga inda nake ba. Rahmat ne ya hango gefen jan shimag, mayafin kai da na ba Abdulwahid kyauta. Shi ne ya tono fuskarsa, ya sa yatsa ya cire ƙanƙara daga bakinsa. Sai da ya daka mini tsawa da harshensu sannan na rarrafo, na taya shi da murfin kwanon abincinmu. Ƙanƙarar da ɗazu take kamar kunu ta koma kamar siminti. Ƙafar tana ƙarƙashin wani dutse, ta karye wuri biyu.

Mutanen ƙauyen sama da suka ga shiru suka biyo sawu, aka ɗauke shi a kan gadon itace. Hanyar asibiti wata zaftarewar ta toshe ta, sai bayan kwana biyu aka samu wucewa, ƙashin kuma bai koma daidai ba. Huɗubar da na ƙi saɓa alkawarinta ban yi ta ba.

To ka ji dalilin ɗaya bayan ɗaya: in ƙanƙarar ta zafto, mutum ɗaya ta samu, sauran su tono shi. Kada ka tsaya a cikin kwazazzabo don hutu ko hoto ko gyara takalmi. In tsoro ya kama ka a tsakiya, ka ci gaba da tafiya da tsoronka, kada ka kira kowa ya shigo. In kuma, Allah ya kiyaye, ta ɗauki wani a gabanka, ka kafa masa ido har inda ya ɓace, ka duba ba wata a sama, ka fara tono nan take. Wanda aka binne ba shi da lokacin da za a je gari a kira mutane.

Sauran abin kunyar a nan Madina na yi shi. Da na dawo, a zaman shayin da muke yi bayan la'asar a unguwar Anbariyya, 'yan'uwa suka ce in ba su labari. Na fara, sai na tsallake asubar. Wani ya ce, "Kai Malam, kai ka tono shi?" Ban ce a'a ba. Mako na gaba da bakina na faɗa. Da haka labarin ya zauna. Akwai ranar da na ba da shi Abdulwahid yana zaune a wurin, sandarsa a kan cinya. Aka juya gare shi, ya ce, "Alhamdu lillahi ala kulli hal, Ustaz," bai ƙara ba. Ummanka ce ta kama ni. Ta ce, "Malam, me ya sa duk ka zo wurin tono sai ka riƙa kallon cikin kofinka?" Na gaya mata gaskiya tun tuni. Ta ce in gaya maka, na ce sai ka girma. Ka girma, na ce sai ka gama karatu.

Bayan wasu shekaru Abdulwahid ya kawo yayansa Umra. Ni na kai su Bi'ir Ali su ɗauki harami. Rahmat yana tambayar komai: ina zai yi wanka, yaya zai ɗaura zanen, yaushe zai fara talbiya, takalmin nan ya halatta? Duk abin da na ce sai ya yi, ko sau ɗaya bai ja ba. Na ce wa Abdulwahid cikin raha, "Yayanka ɗalibi ne mai biyayya." Ya fassara masa. Rahmat ya yi murmushi ya ba da amsa, wannan karon kuma Abdulwahid bai jira in matsa masa ba.

"Ya ce nan kai ka san hanya, Ustaz, me zai sa ya yi maka musu?"

Ba da gatse ya faɗa ba, na ga fuskarsa. Ina tsaye a tsakanin manyan motocin alhazai, direbobi suna ta "yalla, yalla ya hajji", maganar neman gafara ta zo har bakina. Sai na gyara masa mayafin haraminsa a kafaɗa, na ce su hau kada mota ta tashi.

Abin da ya sa na kasa barin ka tafi da labarin ƙarya shi ne wannan. Ni baƙon Madina ne kawai, suka kasa ce mini a'a. Kai a Madina aka haife ka, ga Larabci a bakinka kamar ruwa, ga ka ɗan Ustaz. Za su girmama ka fiye da ni, kuma ƙauyen sama zai aiko, na tabbata. In ka ce a tafi za su tafi, ko da sun san abin da ke jiran su, kuma su ne za su shiga tsakaninka da shi. Saboda haka kada ka tambayi Rahmat, "Za mu iya tafiya?" Zai ji nauyinka ya ce in sha Allahu. Ka tambaye shi, "In da kai kaɗai ne, yau za ka bi hanyar nan?" Ka kuma tambaye shi a keɓe, ba a gaban dattawa ba. In ƙarfinsa ya ragu ya haɗa ka da wani, wannan ma ka bi bayansa, ko da bai iya rubuta sunansa ba.

Akwai wata takarda a ƙarƙashin dabinon, da Larabci, ta Abdulwahid ce, na nemi gafararsa a ciki ba tare da kwana-kwana ba. Rahmat ba ya karatu. Ina roƙonka ka zauna a gabansa, ƙanensa ya fassara, ka ce masa mahaifinka ya ce shi ne mai gaskiya a bakin ƙofar masallaci, shi ne mai gaskiya a hanya, kuma shi ne ya tono. Ka ce ya yafe mini maganar da na jefe shi da ita a gaban mutanen garinsu. Ni kuma ranar Alhamis zan je zaman Anbariyya in gyara labarin, na riga na yi wa Ummanka alkawari. Hoton falo ma na sauke shi.

Kada ka ɗauki maganata don ni na faɗa, ka ga inda bin maganata ya kai wani. Ka gwada da ƙafarka. Washegarin isarka ka ce Rahmat ya nuna maka wani fili shimfiɗaɗɗe da ƙanƙara ta rage a kai, nesa da jikin dutse. Ka taka shi bayan asuba, ka ji yadda zai ɗauke ka. Ka dawo da hantsi ka taka gefen sawunka. Ka sake dawowa bayan azahar, ka taka, ka dunƙula ka matse. Ka yi haka kwana uku, kana lura da yadda sama ta kwana. Sannan ka ɗaga kai ka dubi dutsen da ke saman ƙauyen, ka rubuto mini abin da ka gani, ko da Larabci ne.

Na ba Allah ajiyar addininka da amanarka da ƙafafunka biyu. Allah ya sa ka amfani mutanen garin, ya sa ka koyo daga gare su fiye da yadda na koyo, ya dawo mana da kai kana tafiya daidai. In Rahmat ya ce a koma, Anas, ka koma, ko da an shimfiɗa maka darduma a kan mumbari.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka.